Amsoshin Tambayoyinku: Idan Tawadar Lateks Ta Ƙi Bushewa a Kan Takardar PP

Tambaya daga wani mai shagon buga tallace-tallace a Kaduna: Ina da injin HP Latex 360 wanda na saya na hannu. Yana buga sitika da fleks lafiya ƙalau, amma duk lokacin da na ɗora takardar roba ta PP, wadda muke yin allon talla mai naɗewa da ita, sai bugun ya fito da danshi, musamman inda baƙi ko shuɗi mai duhu ya yi yawa. Idan na ƙara zafi kuma sai takardar ta yamutse. Mai gyara ya ce hita ce ta raunana, in kawo kuɗi a sayo sabuwa. In saya?

Amsa: Malam, ka dakata da sayen hitar nan tukuna, domin a cikin tambayarka akwai abin da ya wanke ta daga zargi. Ka ce injin yana buga sitika da fleks lafiya ƙalau, alhali waɗannan biyun galibi da zafi mafi tsanani ake gasa su fiye da takardar PP. Hitar da ta iya gasa tawada a kan fleks ba za ta gaza ba a kan abin da ke buƙatar zafi ƙasa da haka. Matsalar tana tsakanin tawadar da takardar, kuma ana magance ta ne daga allon injin kafin a taɓa aljihu.

Tawadar lateks mafi yawanta ruwa ne. A cikin ruwan akwai ƙwayoyin launi, da ƙananan ƙwayoyin roba waɗanda ido ba ya gani, da kuma wani sinadari mai maiƙo-maiƙo wanda aikinsa shi ne hana tawadar bushewa a bakin kan bugu, wato sashen injin da ke fesa ta. Ruwan yana tashi da wuri, amma wannan sinadarin ba ya tashi sai ya sami zafi mai yawa da isasshen lokaci, kuma sai bayan ya tashi ne ƙwayoyin robar suke haɗewa su zama fata guda siririya wadda ta lulluɓe launin ta manne shi a jikin takarda. Saboda haka maiƙon da kake ji a yatsanka idan ka shafa baƙin wuri ragowar sinadarin ne da bai gama fita ba. Takardar gaske da yadi suna tsotse wani ɓangare na ruwan su rage wa hita aiki, ita kuwa folifirofilin, wato robar da ake kira PP, ba ta shan komai, duk abin da aka zuba mata yana nan kwance a samanta har sai zafi ya ɗauke shi. Ga kuma wata matsalar a ɗaya gefen: robar tana narkewa a wajen digiri 160, amma tun kafin a je kusa da nan takan fara tsukewa tana lanƙwashewa, domin miƙar da ita aka yi a masana'anta har ta zama falle, kuma a cikin injin ana janta ne tana da zafi. Tazarar da ke tsakanin zafin da zai gasa tawada da zafin da zai ɓata takarda ƙarama ce ƙwarai.

Abubuwa uku ne ke hannunka: zafi, da lokaci, da yawan tawada. Na farkon takardar ta riga ta yi masa iyaka, kuma abin da nake gani a wurin yawancin masu aiki shi ne su nace a kansa shi kaɗai su manta da sauran biyun, alhali a can maganin yake.

Ka fara da duba rukunin da ka zaɓa lokacin ɗora takardar. Injin yana da rukuni na musamman na PP da PE (wata irin robar ce), kuma ma'aikata da yawa, don gaggawa, sukan bar shi a kan tsarin sitika su ci gaba da bugu. Idan takardar ta wani sanannen kamfani ce, mai yiwuwa akwai tsarin bugunta a rumbun da HP ta tanada, wanda ake saukewa kai tsaye daga allon injin idan yana haɗe da intanet. Idan babu, sai ka kwafi tsarin PP na gama-gari ka sa masa suna ka riƙa gyara shi. Abu na farko da za ka rage shi ne yawan tawada. Idan yana kan 110 ko 120 bisa ɗari, ka sauko da shi 90, in bai isa ba 80. Na san abin da ke hana mutane yin haka shi ne tsoron kada launi ya dusashe mai aiki ya ƙi karɓa, amma a kan takardar da ba ta shan ruwa duk launin yana zaune ne a sama, don haka ragin ba ya bayyana kamar yadda ake zato. Na biyu, ka ƙara yawan kai-komon kan bugu, abin da ma'aikata ke kira fas. Idan kana bugawa a 6 ko 8, ka koma 10 ko 12, domin ƙarin fas yana sa a zuba tawadar kaɗan-kaɗan, yana kuma sa takardar ta daɗe a ƙarƙashin hita. A cikin saitunan injin akwai kuma ɗan jinkirin da ake iya sawa tsakanin fas da fas, wanda ke ƙara lokacin gasawa ba tare da an canja komai a launi ba. Sai bayan waɗannan ne za ka koma kan zafi, kana ƙara digiri 5 a kowane gwaji, idonka a kan gefen takardar. Da zarar ka ga gefen ya fara tashi yana kwanciya kamar igiyar ruwa, ka koma digirin da ke baya ka tsaya a nan.

Kada ka yi gwajin da aikin mutane. Ka tanadi zane na rabin mita mai ɗauke da faffaɗan baƙi, da shuɗi mai duhu, da ja, da kore, da farin rubutu ƙanana a cikin baƙin, ka riƙa canja abu ɗaya a kowane bugu kana rubuta saitin da alƙalami a gefen takardar. Idan ya fito ka bari ya huce, sa'an nan ka goga farin ƙyalle mai tsabta a kan baƙin da ɗan ƙarfi, ka kuma karkata takardar wajen haske. Wurin da bai gasu ba yana ƙyalli daban da sauran, kuma babban yatsa yana barin shatarsa a kai.

Akwai abubuwa biyu da ba a cika kula da su ba. Na ɗaya shi ne baƙin da mai zane ya haɗa. Masu aiki da CorelDRAW sukan cika launuka huɗun gaba ɗaya a cikin baƙi don ya yi tsananin duhu, kuma ko da manhajar bugu ta rage shi, wurin yakan zama mafi nauyin tawada a duk aikin. Ka sa a rage shuɗi da ja da rawayan da ke ƙarƙashin baƙin, ko ka sauko da iyakar jimlar tawada a manhajar da kake aiki da ita, Flexi ce ko Onyx ko Caldera. Na biyu shi ne oftimaiza, ruwan nan marar launi da injinan wannan jerin suke fara shimfiɗawa don ya kama ƙwayoyin launi ya hana su gudu. Idan ya yi kaɗan, launuka sukan shiga juna, bugun ya yi dabbare-dabbare, mutum ya ɗauka rashin bushewa ne. Idan ya yi yawa kuma ya zama ƙarin ruwan da hita za ta busar. Tun da ba shi da launi, kansa yana iya toshewa ba a sani ba, saboda haka ka buga gwajin lafiyar kawunan bugu a kan farar sitika ka tabbata yana fita.

Za a saurari mai gyara ne idan danshin ya koma bayyana a kan kowace irin takarda, ko kuma kullum a gefe ɗaya yake fitowa ko me aka ɗora, wanda ke nuna wata fanka ko wani sashe na hitar ya tsaya. Ko a nan ma a fara duba ƙurar da ta taru a mashigar iska, a kuma auna wutar da ke shiga injin yana cikin aiki. An ƙera shi ne don bolt 200 zuwa 240, kuma zafin da hita ke iya bayarwa yana faɗuwa fiye da yadda wutar ta faɗi: idan ta sauko daga 230 zuwa 190, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinta ya tafi. Sabuwar hita a kan raunanniyar wuta za ta yi abin da tsohuwar take yi.

Tambaya daga wata mai shagon bugu a Abuja: Na sami takardar PP iri biyu a wurin mai sayarwa, ɗaya ta fi ɗaya araha sosai, kuma ya ce duk PP ne, bambancin suna ne kawai. Ina da aikin alluna masu yawa na wani taro. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, gaskiya ne duk PP ne, amma ba a kan PP ɗin ake bugu ba, a kan shafin da aka yi wa fuskarta ake yi. Folifirofilin tsurarta tana korar ruwa. Masana suna auna yadda fuskar roba ke karɓar ruwa da ma'aunin da ake kira dain, kuma ita tana wajen 30, alhali ana son 38 ko sama da haka kafin tawada ta kwanta ta kama. Don haka masana'antu ko dai su bi ta kanta da tartsatsin lantarki, wanda tasirinsa yake raguwa idan naɗin ya daɗe a ajiye, ko kuma su yi mata shafi. Shafin ma iri-iri ne. Akwai wanda aka yi don injinan tawadar ruwa ta hotuna, akwai na eko-solben, wato tawadar da aka haɗa da sinadari maimakon ruwa, akwai kuma wanda aka gwada da lateks. Wasu daga cikin na tawadar ruwa suna tsotse sinadarin da ya kamata ya tashi su riƙe shi a ciki, sai bugun ya fito kamar ya bushe, daga baya maiƙon ya dawo sama. Mai arahar nan sau da yawa irin wannan ce, ko kuwa tsohuwar ajiya ce.

Abin da za ki nema shi ne takardar bayanin kayan, inda aka rubuta irin tawadar da aka yi ta dominta. Idan babu lateks a jerin, ko kuma kwalin ba shi da suna ba shi da lamba, to kowane gwaji a wuyanki yake. Akwai gwaji mai sauƙi da za ki yi a tsaye a shagon: ki jiƙa yatsa ki danna a kusurwar fuskar da ake bugu. Idan ya manne yana danƙo, alama ce shafin na tawadar ruwa ne. Wannan bai haramta ta ba, amma ya isa ya hana ki sayen naɗi goma a rana ɗaya. Ki sayi naɗi ɗaya daga kowace, ko ki roƙi a yanka miki mita biyu, ki buga zane ɗaya a kan duka biyun. Bayan gogawa da farin ƙyalle, ki manna salatif a kan wuri mai duhu ki fizge da sauri. Idan tawadar ta bushe sarai amma ta biyo salatif ɗin, to kamu ne babu, kuma ƙarin zafi ba zai gyara wannan ba, takardar ce ba ta dace ba. Sa'an nan ki yanka guntaye biyu ki haɗa fuska da baya kamar yadda za su kasance a cikin naɗi, ki ɗora musu littafi mai nauyi su kwana. Allon talla a naɗe yake rayuwarsa cikin akwatinsa, galibi a bayan mota cikin rana, don haka wannan gwajin ne ya fi kama da abin da zai same shi a hannun mai shi.

Ki kuma duba kauri, domin siririya ta fi saurin yamutsewa a ƙarƙashin hita, kuma gefenta yakan naɗe idan an tsayar da allon. Idan taron babba ne kuma allunan za su daɗe ana amfani da su, shawarata ita ce ki tambayi farashin takardar PET, wadda wata irin roba ce daban, mai launin toka a baya. Robarta ba ta narkewa sai wajen digiri 250, don haka tana jure zafin gasawa fiye da PP nesa ba kusa ba, tana tsayawa sak a kan allo, kuma bayanta yana hana haske ratsowa. Ta fi tsada, amma a lissafa da tawadar da za a yi asara da kuma lokacin da za a ɓata idan aka sake buga allo mai santimita 85 a faɗi da mita 2 a tsayi sau biyu. Wadda kika saya kuma ki ajiye ta a cikin ledarta da kwalinta, nesa da rana da bangon da ke tsatsafar da ruwa, a kuma daina kama fuskarta da hannu, domin maiƙon yatsa yana fitowa a cikin bugu.

Tambaya daga Jos: Saitin da ya yi mini aiki tun daga Disamba ya daina aiki da damina ta kankama. Na'urar sanyaya ɗaki zan saya ko mai tsotse danshi?

Amsa: Malam, saitinka bai lalace ba, iskar ɗakin ce ta canja. Hita tana busar da tawada ne ta hanyar hura iska mai zafi, kuma iskar da ta riga ta cika da laima ba ta ɗaukar tururi da sauri kamar busasshiyar iskar hunturu. HP ta nuna cewa bugu ya fi kyau idan danshin ɗaki yana tsakanin kashi 40 da 60 bisa ɗari, zafinsa kuma tsakanin digiri 20 da 25. Kafin kowace babbar sayayya, ka sayi ƙaramin ma'aunin danshi ka rataye kusa da injin ka ga abin da yake nunawa safe da rana. A gari mai sanyi kamar naku, inda zafin ɗaki ba shi ne damuwar ba a watan Agusta, mai tsotse danshi ta fi dacewa kuma ta fi sauƙin wuta. Wanda yake Kano ko Sakkwato zai fi amfana da na'urar sanyaya ɗaki, domin tana rage laima tana kuma maganin zafin bazara, sai dai kada a kafa ta inda za ta riƙa hura sanyi kai tsaye a gaban injin, wajen da takarda ke fitowa daga hita. Ka ajiye tsarin bugu biyu, na rani da na damina, na daminar da ƙarin fas da ragin tawada. Idan kuma farkon bugun safe ne kawai ke fitowa da danshi, ka bar injin ya ɗumama sosai, ka kuma fara da aiki mai hasken launi.

Tambaya daga Zariya: Bugun yana fitowa a bushe, amma washegari sai in tarar da maiƙo a wuraren duhu. Idan na yi masa laminetin, wato na manna masa leda a kai, zai rufe matsalar?

Amsa: Zai rufe ta daga ido na ɗan lokaci, sa'an nan ya kulle sinadarin a ciki, kuma gam ɗin ledar ba zai kama wuri mai maiƙo da kyau ba, sai ka ga ta fara ɗagowa ko ta yi gizo-gizo. Ayyukan da suka riga suka fito ka shimfiɗa su fuska a sama, a buɗe, a ɗaki mai iska, domin sau da yawa maiƙon yakan tafi da kansa bayan wasu awoyi. Na gaba kuma ka rage tawada ka ƙara lokaci kamar yadda na bayyana wa mai tambaya na farko, kuma kada ka naɗe aiki da ƙarfi yana da ɗumi. Idan abin ya ci gaba a kan wannan takardar kaɗai, ka canja ta.

Tambaya daga wani matashi a Kano: Ina shirin buɗe shago, kuma yawancin aikin da nake sa rai alluna masu naɗewa ne da sitika. In sayi lateks na hannu, ko sabo, ko in tsaya a eko-solben?

Amsa: Malam, Allah ya sa albarka a abin da za ka fara. Kafin ka zaɓi inji, ka zauna ka lissafa wutar da kake da ita, domin ita ce za ta yanke hukunci fiye da sunan kamfani. HP Latex 360, wanda ya fito a 2014 kuma shi da ƙaninsa 365 suke yawo a kasuwar na hannu, yana buga faɗin inci 64, yana shiga da wayoyin wuta biyu, kuma yana iya jan kilowat 4.6 yana cikin aiki, mafi yawa saboda hita. Ƙaramin janareta ba zai ɗauke shi ba, kuma wutar da ke hawa tana sauka za ta jawo maka irin danshin da ake ta tambaya a kansa a wannan shafi. Duk wanda zai sayi lateks ya sa kuɗin janareta mai ƙarfi, da sitabilaiza, da wayarin mai kyau a cikin kuɗin injin tun daga farko.

Abin da lateks ya fi da shi a fili yake. Bugunsa ba shi da warin sinadari, don haka ya dace da aikin cikin asibiti da makaranta da ofis, ana iya yi masa laminetin da zarar ya fito idan ya gasu daidai, kuma mai shago da kansa yana canja kan bugu ba sai an kira mai gyara ba. Eko-solben kuwa ana son a bar bugunsa ya sha iska kamar kwana guda kafin laminetin, kuma yana da wari, amma ba ya buƙatar zafi mai tsanani, ya fi sauƙin wuta, tawadarsa ta fi araha, masu gyaran injinan da ke ɗauke da kawunan Epson kuma sun fi yawa a garuruwanmu. A kan takardar PP da aka yi wa shafin da ya dace da shi ba ka cika fama da yamutsewa ba. Injinan lateks na jerin 700 da 800, waɗanda suka fito a 2021, an sake haɗin tawadarsu yadda take gasuwa da zafi ƙasa da na magabatansu, wanda ya sauƙaƙa aiki da takardu masu gudun zafi, amma kuɗinsu ba na mai farawa ba ne sai in akwai kwangilar da za ta biya shi.

Ga wanda zai fara da alluna da sitika a kan wutar da ba ta da tabbas, ni eko-solben nake ba shi shawara, ya koma lateks idan ya sami masu aikin da ke neman bugu marar wari kuma suna biyan kuɗinsa. Idan kuwa ka riga ka ƙudura sayen lateks na hannu, ka tabbata akwai inda za ka riƙa samun tawadar HP 831 da kawunan bugu da kwalin share kawuna ba tare da jiran makonni ba. Ranar dubawa ka tafi da naɗin PP naka da zanenka mai yawan baƙi, ka sa a buga aƙalla mita uku a jere a cikakken faɗin takardar, ka goga ƙyalle a tsakiya da gefen dama da na hagu, ka kuma nemi a buɗe maka tarihin saƙonnin kuskure da adadin abin da injin ya buga kafin a fara maganar farashi.